Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Manyan Malaman Yahudawa Ta Isra'ila Kan Ƙasa, Ruwa Da Ilimin Mata

Zuwa ga Rabbi Dawid Yosef da Rabbi Kalman Ber, shugabannin majalisa, da sauran malaman da ke zaune tare da su a birnin Ƙudus.

Ya ku malamai masu girma,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ma'abota ilimi, ina rubuto muku ne a matsayin baƙuwa wadda ba ta da kujera a majalisarku, ba ta kuma bin addininku. Ni Musulma ce, Bahaushiya, aikina shi ne koyar da tarihin addinai, kuma shekara da shekaru littattafanku suna cikin abin da nake buɗewa a gaban ɗalibaina. Na san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai wani lokaci wanda ke tsaye a waje shi ke hango inda jinka ta zame. Saboda haka duk hujjar da zan kawo daga rumbunku zan ɗebo ta, domin ba zai yi kyau in zo gidanku da mudun wani gida ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hukuncin da Kotun Ƙoli ta Isra'ila ta yanke a shekarar 2025, inda ta ce majalisarku ba ta da hurumin hana mata zama jarrabawar shari'ar addini da take shiryawa. Tun 2019 aka shigar da wannan ƙara, kuma matan da suka shigar da ita ba su nemi ku naɗa musu rawanin malanta ba. Sun nemi a ba su takardar tambayoyi ɗaya da ta maza, a duba amsarsu, wadda ta ci a ba ta shaidar da hukuma ke ɗauka daidai da digiri wajen neman aiki da tsara albashi. Mai shari'a Noam Solberg, wanda ya rubuta hukuncin, shi kansa mutum ne mai riƙo da addini, ba wanda za a ce ya shigo daga waje domin ya rushe muku gini ba. Amma kotu ƙofa kawai take iya buɗewa. Shimfiɗa tabarma da kawo wa baƙo ruwa aikin mai gida ne, kuma a kan wannan nake so mu yi magana.

Zan fara da labarin da na fi so a cikin Talmud, babban kundin shari'a da muhawarar malamanku na dā, wanda ke cikin babin azumi da roƙon ruwa, wato Ta'anit. An yi fari, sai malamai suka tura biyu daga cikinsu wurin Abba Hilkiya, jikan Honi, mutumin nan da ya zana da'ira a ƙasa ya tsaya a ciki ya ce ba zai fita ba sai sama ta zubo. Suka same shi a gona yana noma, suka yi masa sallama bai ɗago kai ba, domin ƙwadago yake yi, kuma a ganinsa lokacin na mai gona ne, ba shi da ikon kashe shi wajen gaisuwa. Da yamma suka bi shi gida. Bai ce su sa hannu a abinci ba, saboda abincin ba zai isa ba, shi kuwa ba ya son a gode masa a kan tayin da bai kai zuci ba. Sai ya keɓe da matarsa ya ce mata ya san abin da ya kawo baƙin nan, su hau saman soro su roƙi Allah tun kafin a tambaye su, don kada a jingina musu falalar. Ya tsaya a kusurwa ɗaya, ita ta tsaya a ɗaya, kuma littafinku ya faɗa ba tare da kwana-kwana ba cewa hadarin daga ɓangaren matar ya fara tasowa.

Da malaman suka tambaye shi dalili, amsar da ya bayar ita ce ta sa nake maimaita labarin a kowace shekara. Ya ce ita tana gida, idan mabuƙaci ya zo gurasa take miƙa masa ya ci nan take, shi kuwa kuɗi yake bayarwa, sai mai yunwa ya je kasuwa kafin cikinsa ya amfana. Ya ƙara da cewa akwai wasu ɓata-gari a unguwarsu da shi ya roƙa su mutu, ita kuma ta roƙa su tuba, kuma suka tuba. Ku lura, ya ku malamai, wannan matar ba a ma ambaci sunanta ba, kuma jakadun majalisar wancan zamani ba wurinta aka aike su ba. Duk da haka waɗanda suka tattara Talmud, maza ne dukkansu, ba su ɓoye cewa sama ta riga amsa mata ba. Mu da muka san fita bayan gari roƙon ruwa idan damina ta yi jinkiri, mun san nauyin wannan magana: ranar da gero ya fara naɗe ganye, babu mai tambayar daga bakin wa addu'ar da aka karɓa ta fito.

A cikin babin nan dai aka ce Bani Isra'ila sun samu kyauta uku a hamada albarkacin mutum uku: manna saboda Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, girgije saboda Annabi Haruna, rijiya kuma saboda 'yar'uwarsu Maryamu. Malamanku sun ciro haka ne daga Littafin Ƙidaya, sura ta 20, inda aka ce Maryamu ta rasu a Kadesh aka binne ta, ayar da ke biye kuma ta ce jama'a suka rasa ruwa. Annabi Mika ma, da yake lissafa waɗanda aka aiko su ja gaban mutanenku daga Masar, su ukun ya jera, bai tsallake ta ba.

Na kawo ruwa da farko ne domin abin da ya fara jan hankalina ga addininku shi ne yadda yake kallon ƙasa da abin da ke tsiro a kanta. A Littafin Farawa an ajiye Adamu a cikin lambu domin ya noma shi ya kuma kiyaye shi, kuma sunansa ma a harshenku daga kalmar adama ya fito, wato ƙasa. A Littafin Firistoci, sura ta 25, Ubangiji ya ce ƙasa tasa ce, mutane baƙi ne masu zama na ɗan lokaci a wurinsa, don haka ba za a sayar da ita har abada ba. An umarci mai gona ya bar gefen gonarsa ba girbi, ya bar kala ga matalauci da baƙo. An hana rundunar da ta kewaye birni sare itacen da ke ba da 'ya'ya, kuma daga wannan aya guda malamanku suka gina babbar doka ta hana ɓarna, har ta shafi yaga tufa da zubar da abinci da toshe idon ruwa. Wani tsohon tafsirinku ya ce Allah ya zagaya da Adamu cikin itatuwan Aljanna ya gargaɗe shi kada ya lalata duniya, domin idan ya lalata babu mai zuwa bayansa ya gyara. Kan gaba a duk waɗannan ita ce shemita, dokar da ta ce a noma gona shekara shida, a ta bakwai a bar ta ta huta, abin da ya tsiro da kansa ya zama na kowa, har da dabbar daji.

Wannan doka ta ƙarshe ita ce inda nake so ku tsaya tare da ni. Ɗaruruwan shekaru tana kwance a littafi, domin a ƙasar Isra'ila kaɗai take aiki, Yahudawa kuma ba su da gonaki masu yawa a can. Da manoma suka fara kafa ƙauyuka irin su Rishon Leziyon da Zikron Yakob a 1882, sai shekarar hutu ta 1888 zuwa 1889 ta tunkaro su, aka ga cewa idan suka ajiye garma shekara guda cur, ƙauyukan da ba su gama tsayawa da ƙafafunsu ba za su watse. A nan ne wasu malamai, da amincewar Rabbi Isyaku Elhanan Spektor na Kobno, suka fitar da mafitar da kuke kira heter mekira: a sayar da gonar ga wanda ba Bayahude ba na ɗan wa'adi, ta fita daga ƙarƙashin hukuncin, a ci gaba da aiki bisa wasu sharuɗɗa. Manyan malaman Ƙudus na lokacin sun ƙi amincewa, kuma har yau akwai waɗanda ba sa cin amfanin irin wannan gona. Rabbi Abraham Isyaku Kuk, wanda ya zama shugaban majalisarku na farko daga ɓangaren Ashkenazi, wato Yahudawan asalin Turai, a 1921, ya rubuta littafi sukutum yana kare wannan sassauci gabanin shekarar hutu ta 1909 zuwa 1910, alhali shi ne kuma mutumin da ya fi kowa kwarzanta hikimar hutun ƙasa. Mahaifinka ma, ya Rabbi Yosef, marigayi Rabbi Obadiya, ya tsaya wa wannan fatawa da ƙarfinsa. Majalisarku ce ke gudanar da cinikin duk bayan shekara bakwai, na baya-bayan nan shi ne na 2021 zuwa 2022.

Ba ku ne kuka fara ba. Kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, babban malaminku Hillel ya lura cewa masu hali sun daina ba talakawa rance idan shekara ta bakwai ta matso, saboda dokar ta ce a yafe bashi a cikinta, sai ya ƙirƙiro takardar prozbul wadda ke miƙa bashin ga kotu domin a iya karɓarsa. Ban kawo waɗannan don in yi muku gori ba. A ganina suna cikin abin da ya fi nuna basirar magabatanku, domin sun gane cewa dokar da aka saukar don jin ƙan talaka, idan aka bar ta ta koma abin da ke hana shi rance, an riƙe harafinta an saki ranta. Tambayata ita ce: idan aya bayyananniya a cikin Attaura, wadda ta ce kada a shuka, ta samu malaman da suka zauna suka yi ta juya ta har suka samo wa manomi hanya, me ya sa zaman mace a ɗakin jarrabawa, wanda babu ayar da ta hana shi, ya zama dutsen da sai kotu ta sa hannu kafin ya motsa?

Na san amsoshin da ake bayarwa, kuma ba zan yi kamar ban san su ba. A cikin Mishna, tsohon kundin dokokin da aka gina Talmud a kansa, babin Sota, Rabbi Eliyezar ya ce wanda ya koya wa 'yarsa Attaura kamar ya koya mata shashanci ne. Musa bin Maimun, wanda mu ma muke girmama iliminsa, ya rubuta a dokokin sarakuna cewa ba a naɗa mace sarauta, haka kuma duk wani muƙamin iko a cikin al'umma namiji ake ba wa. Waɗannan maganganu ne masu nauyi daga bakin manya. Sai dai a wurin da Rabbi Eliyezar ya yi maganarsa, a nan Ben Azzai ya ce wajibi ne uba ya koya wa 'yarsa, kuma Mishna ta ajiye ra'ayoyin biyu gefe da gefe. Batun muƙami kuwa, kowane ɗalibinku ya san Debora, wadda Littafin Mahukunta ya ce tana zama a gindin dabino tsakanin Rama da Betel, jama'a suna hawowa wurinta neman hukunci. Malaman Tosafot, masu sharhin Talmud na Faransa da Jamus, sun yi ta kai-kawo a kan yadda haka ta yiwu, suka ce ko dai jama'a ne suka karɓe ta da yardarsu, ko kuma ita ce ke koya wa alƙalai dokar su kuma su zartar. Ko wacce kuka ɗauka a cikin biyun, ta ishi matan da suka kai ƙara, domin su abin da suke nema bai ma kai na Debora ba.

Wannan muhawara ta taɓa raba kan shugabanninku biyu, kuma tarihi ya riga ya yi musu alƙalanci. A 1919 da 1920, lokacin da Yahudawan Falasɗinu ke shirin zaɓen majalisar wakilansu ta farko, Rabbi Kuk ya fito fili ya ce bai dace mata su jefa ƙuri'a ko su tsaya takara ba. Rabbi Ben-Ziyon Uziyel, wanda daga baya ya shugabanci majalisarku daga ɓangaren Sefardi, wato Yahudawan asalin Sifen da ƙasashen Gabas, tun 1939 har rasuwarsa a 1953, ya saɓa masa. Hujjarsa ita ce ba a iya ɗora wa mace biyayya ga shugabannin da aka hana ta zaɓa, ita ma an halicce ta da daraja da hankali kamar namiji, kuma shugabancin da jama'a suka bayar da yardarsu daban yake da sarautar da aka hana. Yau matan unguwannin masu tsananin riƙo da addini a garin Bene Barak da Ƙudus suna layi ranar zaɓe, kuma malamansu ne ke kiransu su fito.

Ina jin nauyin ambaton Rabbi Kuk a nan, domin akwai labarinsa da nake ƙauna. Rabbi Arye Lebin ya ba da labarin cewa wata rana suna tafiya tare a bayan garin Yafa, sai ya sa hannu ya tsinki wani ganye ba da wani nufi ba. Rabbi Kuk ya razana, ya gaya masa a hankali cewa shi yana kiyaye tsinkar ko da ciyawa ce idan babu buƙata, domin kowane tsiro yana da abin da yake faɗa, kowace halitta tana da waƙar da take rerawa. Mutumin da kunnensa ya kai ga jin tasbihin ciyawa, shi ne bai ji abin da matan garinsa ke faɗa a kan ƙuri'a ba. Wannan bai rage masa girma a idona ba. Abin da ya koya mini shi ne zamani yana iya toshe kunnen malami komai tsarkin zuciyarsa, kuma wanda ya gaji kujerarsa ya kamata ya yi tsoron haka a kan kansa.

Akwai wurin da maganar ƙasa da maganar mata suka haɗu a aya ɗaya, a Littafin Ƙidaya, sura ta 27. Ana shirin rabon ƙasa bisa sunayen maza, sai 'ya'yan Zelofehad su biyar, Mala da Nowa da Hogla da Milka da Tirza, suka zo suka tsaya a ƙofar alfarwa gaban Annabi Musa da babban firist Ele'azara da shugabanni da dukan jama'a. Suka ce mahaifinsu ya rasu bai bar ɗa namiji ba, don me sunansa zai ɓace daga danginsa, a ba su gado a cikin 'yan'uwan ubansu. Annabi Musa bai ce musu ba a saba ba, bai kuma ce su aiko waliyyi ya yi magana a madadinsu ba. Ya kai maganar gaban Ubangiji, amsa ta zo cewa gaskiya 'ya'yan Zelofehad suka faɗa, kuma dokar gado ta ɗauki sabon sashe tun daga ranar. Talmud ya kira su masu hikima, masu iya fitar da hukunci daga nassi. Rashi, babban mai tafsirinku, ya ce matan wancan zamani sun ƙaunaci ƙasar a lokacin da maza ke cewa a naɗa shugaba a koma Masar. Gaskiya ne daga baya an ƙayyade musu aure a cikin kabilarsu don kada gonar ta fita, amma gonar dai ta zama tasu. Idan na kalli matan da suka yi shekara shida suna jiran hukuncin kotu, waɗannan biyar nake gani, da bambanci ɗaya: na farkon ba su buƙaci zuwa wata kotu ba, domin malamin da suka tarar ya saurare su.

Kuma ba a taɓa rasa irinsu ba. Sarki Yosiya, da aka tsinci littafin shari'a a Haikali, wurin annabiya Hulda ya aika manyan fadawansa. Beruriya, matar Rabbi Mayir, ita ta gyara wa mijinta karatun ayar Zabura, ta nuna masa a roƙi ƙarewar zunubi maimakon mutuwar masu zunubi, irin abin da matar Abba Hilkiya ta yi. A ƙarni na 17, a ƙasar Kurdawa, Asenat Barzani ta gaji jagorancin makarantar mahaifinta a Mosul bayan rasuwar mijinta, kuma ita da kanta ta rubuta cewa mahaifin ya sa mijin ya yi alkawarin ba zai ɗauke ta daga karatu ya sa ta aikin gida ba. Duk lokacin da na zo kan Asenat a aji sai ɗalibaina su ce ai wannan Nana Asma'u ce, kuma suna da gaskiya: 'yar malami, wadda mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, ta kuma kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna kai karatu ƙauyuka. Ba na faɗin haka don in ce mu mun gama namu gyaran, domin har gobe akwai garuruwanmu da ake cire yarinya daga makaranta ranar da aka kawo kuɗin aurenta.

A 1917 wata mai ɗinki a birnin Krakow, Sara Shenira, ta ga 'yan matan gidajen malamai suna ficewa daga addini saboda an ba su ilimin boko an hana su nasu, sai ta buɗe makarantar da ta zama tushen Bet Yakob, makarantun addini na 'yan mata. An yi mata ca da farko. Amma Rabbi Isra'ila Mayir Kagan, wanda babu mai tuhumarsa da sassauci, ya ce zamanin da 'ya ke koyon addini ta hanyar kallon uwarta kawai ya wuce, yanzu koyar da ita wajibi ne. Hujjar Hillel ce ta sake dawowa, kuma yau babu gidan mai tsananin riƙo da ba ya tura 'yarsa irin wannan makaranta. Kai ma, ya Rabbi Yosef, ba sai an kai ka nesa ba, tunda yayarka Adina Bar-Shalom ce ta kafa kwalejin masu tsananin riƙo da addini a Ƙudus a 2001, da yardar mahaifinku, har ƙasa ta ba ta babbar lambar yabonta a 2014. Da gangan ban kawo muku matan da ɓangarorin Yahudawa masu sassauci suka naɗa malamai a Jamus da Amurka ba, domin na san ba ku karɓar hujja daga can.

Wurin da abin ya fi bayyana a gare ni shi ne dokokin haila da tsarki, waɗanda suna cikin darussan jarrabawarku. Wankan tsarki a wurinku ba ya inganta sai a mikwe, tafkin da asalin ruwansa na sama ne ko na marmaro, wanda ba a ɗebo shi da guga ko tulu ba, kuma sai ya kai awo arba'in na se'a. Addininku ya ɗaure tsarkin iyali da ruwan da ya sauko da kansa, kuma mata ne ke shiga wannan ruwa wata bayan wata, mata ne ke tsaye a bakinsa suna duba cikar wankan, kuma shari'arku ta yarda da shaidar mace a kan ƙirgen kwanakinta ba tare da neman mai gaskata ta ba. Kowace mace, tamu da taku, ta san kunyar kai irin wannan tambaya gaban namiji, ta kuma san yadda da yawa ke haƙura su yi shiru su tsananta wa kansu ba dalili. Wannan ne ya sa makarantar Nishmat a Ƙudus, ƙarƙashin Hana Henkin, ta fara horar da mata masu ba da shawara kan waɗannan dokoki a 1997, suna karatun shekara biyu, malamai maza suna yi musu jarrabawa, kuma tun daga lokacin mata ke kiransu ta waya daga ƙasashe daban-daban. Ilimin yana nan, masu tambaya suna nan, amsa tana fita kullum. Hatimin majalisarku ne kaɗai ya rage.

Zan ratse kaɗan, domin ba zan iya ambaton dokar hana sare itace in wuce ba tare da faɗin abin da ke raina ba. Kowace kaka, lokacin tsinkar zaitun, rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya da na ƙungiyoyin Isra'ila kansu suna kawo labarin itatuwan manoman Falasɗinawa da aka sare ko aka ƙone a Yammacin Kogin Jodan, wasunsu sun girmi kakannin masu saran. Akwai malaman Yahudawa, maza da mata, a ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam da suka kafa a 1988, waɗanda ke zuwa su tsaya tare da manoman a lokacin girbi. Ayar Maimaitawar Shari'a, sura ta 20, a kan itacen abokin gaba ta sauka, a tsakiyar yaƙi, kuma kalma ɗaya mai ƙarfi daga kujerarku za ta isa kunnen samarin da ba sa sauraron kowa sai malamai.

Abin da nake roƙo a kan jarrabawa ba shi da yawa. Ku ba mata takarda ɗaya da ta maza, a rana ɗaya, kada a ƙirƙiro musu wata ta daban mai sauƙi wadda za a riƙa yi wa kallon ta biyu. A duba amsoshi da lamba ba da suna ba, yadda mai dubawa ba zai san hannun wa yake karantawa ba, kuma wannan kariya ce gare ku kamar yadda take gare su, domin wadda ta faɗi ba za ta ce an kayar da ita ba. Wadda ta ci a ba ta shaida mai nauyi ɗaya a wurin hukuma. Idan kuna da damuwa a kan cakuɗuwa, ɗaki biyu ya wadatar, Abba Hilkiya da matarsa ma kusurwa biyu suka tsaya a soro ɗaya. Ina kuma fata ɗayanku zai taka da ƙafarsa zuwa ɗakin matan a irin wannan rana ya yi musu fatan alheri, domin ɗalibanku a faɗin ƙasar za su karanta fuskarku fiye da yadda za su karanta hukuncin kotu.

Roƙona na ƙarshe ya shafi gona. Shekarar hutu mai zuwa za ta kama a watan Satumban 2028, kuma tun kafin lokacin za ku zauna ku tsara yadda za a yi cinikin filaye, da yadda za a raba amfanin da ya tsiro, da abin da za a gaya wa iyalai game da kayan miya da 'ya'yan itacen da ke da tsarkin shekara ta bakwai, waɗanda ba a zubar da ragowarsu yadda aka ga dama. Mafi yawan waɗannan hukunce-hukunce a madafa ake aiki da su, a hannun matan da ke sayen kayan, su yanka, su ware ɓawon. Ku sa mata masu ilimin waɗannan dokoki a cikin waɗanda za su zauna wannan shiri, a rubuta sunayensu a takardar da za ta fita. Ni dai zan karanta wannan wasiƙa a gaban ɗalibaina a zangon karatu mai zuwa, a ranar da muke yin darasin Ta'anit, kuma idan amsa ta zo daga gare ku, ita ma zan karanta musu ita daga farko har ƙarshe ba tare da na rage komai ba.

Ku huta lafiya.

Taku cikin girmamawa,
Wata malamar tarihin addinai